Kulorin da Mudun Maigida

Kulorin shi ne sinadarin da ake zubawa a kwamin ninƙaya domin ya kashe ƙwayoyin cuta ya kuma hana gansakuka tsirowa, kuma abin da masana suka tsayar shi ne kada ya gaza miligiram 1 ko ya wuce 3 a kowace litar ruwa, muddin ma'aunin tsamin ruwan, wanda ake kira pH, yana tsakanin 7.2 da 7.8. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000, saboda haka kimanin giram 75 na farin garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari ya isa ya ƙara miligiram ɗaya a lita. Sai dai wani maigida a Kano, wanda ya mallaki irin wannan kwami, bai taɓa ganin mutuncin awon da ya gaza mudu ba.

Ana gane yawan kulorin ne ta hanyar jefa ƙwayar gwaji mai suna DPD a cikin ɗan ruwan da aka ɗebo, wadda take mayar da shi ruwan hoda gwargwadon abin da ke cikinsa. Ƙwayar tana da aibi guda wanda ba kowa yake karantawa a jikin kwali ba: idan kulorin ya haura miligiram 10 ko makamancin haka, yakan cinye launin da kansa, sai ruwan gwajin ya fito garau tamkar ba a taɓa zuba komai ba. Maigida ya juye mudu guda, ya gwada, ya ga fari tas, ya yanke hukuncin cewa garin rogo aka sayar masa, sannan ya ƙara mudu na biyu domin ya cike giɓin ha'incin. Da maigadi ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙadangarun gidan nan sun yi ƙaura," sai aka tunatar da shi cewa ƙofa aka ɗauke shi tsaro, ba ilmin kimiyya ba.

Domin kawar da shakku, maigida ya faɗa ruwan da kansa sanye da shuɗin gajeren wando, ya fito yana tari da idanu jajur kamar gauta, wandon kuma ya koɗe har uwargida ta tambaya ko wani sabo ya saya.

Da an gauraya ruwan gwajin da ruwa mai tsabta kafin a jefa ƙwayar, da launin ya bayyana tun a mudun farko. Akwai sinadarin sodiyam tayosalfet da yake karya kulorin nan take, amma hasken rana ma yana yin wannan aiki kyauta, kuma ranar Kano ba ta rowa. Aka hana yara shiga har kulorin ya sauko, mai shagon da ya sayar da garin kuwa har yau bai san dalilin da maigida ya daina amsa masa gaisuwa ba.