Yadda Na Zama Injiniyan Unguwarmu

Batirin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka idan ya mutu, ba duka yake mutuwa ba. In ka fasa baƙar robar nan za ka tarar da 'yan batura dogaye a jere, galibi shida, kuma sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka lalace suka ja wa sauran baƙin jini. Sunansu 18650, don kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowanne yana ba da bolt 3.7, in ya sha caji ya ƙoshi ya kai 4.2. Motar Tesla ta farko da ta fito a 2008, irinsu guda 6,831 aka jera mata. Duk wannan na haddace shi tun kafin in taɓa waya ko ɗaya, kuma shi ya cuce ni, domin wanda ya san adadin baturan motar Tesla ba ya jin shawarar kowa.

Zafin Afrilu ne ya tunzura ni, irin wanda a Kano yake haura digiri 40, ga wuta sai an ga dama. Uwargida tana da fankar caji mai bolt 12, cikin kayan ɗakinta ta zo da ita, batirinta ya gaji. Mai hankali sabon batiri zai saya ya huta. Ni kuwa na ci karo da wani bidiyo a YouTube: hannaye biyu kawai, ba fuska, ba magana, sai kiɗa mai sanyi, kafin ka ankara fanka tana kaɗawa. Na ce ashe iyakar abin ke nan ake karɓe mana kuɗi.

Wajen 'yan gwangwan na sayo matattun batura. Yaron da ya miƙo mini su ya ce, "Alhaji, me za a yi da su?" Na gyara hula na ce, "Bincike." Wuƙar yanka albasa na ara a kicin ba da sanin mai ita ba. Ina cikin ɓamɓara bakinta ya haɗa wasu ƙarafa biyu, tartsatsi ya tashi, na tsinci kaina a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya. Har yau wuƙar tana da giɓi, kuma har yau ban amsa laifin ba.

Haɗa batura iri biyu ne. In ka haɗa kai da kai, gindi da gindi, ƙarfin yana nan a 3.7, daɗewa kawai ka ƙara. In ka ɗora kan wannan a gindin wancan, ƙarfin ne yake taruwa. Mai hannayen nan ya nuna wannan, amma a daidai wurin na tura bidiyon gaba saboda kiɗan ya ishe ni. Na haɗa shidan kai da kai, na liƙe da dalma, na tsinke wani ɗan koren allo da ke cikin fankar don ya tsaya mini a hanya, na jona kai tsaye da injin. Sannan na tara iyali a falo, har da almajirin gidan, don a shaida.

Fankar ta yi nishi, ta fara juyawa a hankali har kana iya ƙirga fukafukanta. Autana ya ce, "Baba, in tura mata?" Uwargida tana gefe tana fifita da maficin kaba, ko dariya ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ko in ara mata nawa?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na warware, na jera su kai da gindi, duka shidan, ban tsaya lissafi ba. Lissafin kuwa ɗan firamare zai yi shi: bolt sama da 20 a kan injin da aka yi don 12. Ina jonawa ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, kalanda ta faɗo daga bango, takardun makarantar yara suka watse, ni kuma ina tsaye hannu a ƙugu ina cewa, "Kun gani? Kun gani?" Sun gani. Sun ga hayaƙi ma kafin ni, don ni ina kallon fuskokinsu ne ina jiran tafi.

Washegari na naɗe gawar a buhu na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari, matashin da ban fi shi da yawa ba amma ya dage sai ya kira ni Baba. Ya ɗauko mita ya auna baturan ɗaya bayan ɗaya, abin da ko a mafarki bai zo mini ba. Biyu ko bolt 2 ba su kai ba. Ya ce, "Baba, uku ake jerawa, su ba da 12.6 in sun cika. Ina BMS ɗinka?" Na ce a gida na baro shi. Ya dube ni, ya ciro wani ɗan allo da bai fi ɗan yatsa ba, ya ce shi yake hana batiri shan caji fiye da cikinsa, ya hana shi ƙarewa ƙarƙaf, ya yanke wuta in wayoyi sun haɗu. Ya nuna mini dalmar da na tula, ya ce zafin ƙarfen kansa yana dafa batiri, shi ya sa masu sana'ar suke ɗinke shi da 'yar walda da siririn ƙarfe. "Batirin litiyam in ya kama da wuta ba ya jin lallashi, Baba. A falo ka yi wannan?" Na ce a tsakar gida. Ya ce Allah ya tsare, na ce amin da ƙarfi.

Injin ya ƙone, allon da na tsinke kuma shi ne mai kula da caji da saurin juyawa. Sabuwar fanka na saya, wadda ta fi tsohuwar girma, don mai kayan ɗakin ce ta zaɓa. Ragowar baturan suna cikin gwangwanin madara cike da yashi a bayan gida, bisa umarnin mai gyara.

Almajirin nan ne ya kai labari waje, sai dai rabin farko kawai ya kai, inda kalanda ta faɗo. Yanzu daga masallaci har wajen mai shayi Injiniya ake kira na. Jiya da yamma wani dattijo maƙwabcinmu ya aiko jikansa da rediyo, wai ta daina kama Kaduna, a taimaka a duba. Na ce ya ajiye, ya dawo jibi.