Wasiƙa daga bakin ƙanƙara

Montebidiyo, ƙasar Urugwai

Zuwa ga taubashina Ɗanlami, sarkin cin tuwon zangon Salaga,

Ina fatan Inna da Baba Alhaji suna nan lafiya. Jirginmu ya dawo daga tekun Antatika, shi ne na sami sukunin rubuto maka.

Labari ya iso mini cewa ka baza a kasuwa wai kifin da nake kamawa ya kai kwalekwalen Makango girma. Allah ya shirye ka! Sunansa kiril, ɗan jatan lande ne ja-ja, da ƙyar yake kai santimita 6. Amma in suka yi gangami, ruwa kan rine ja iya ganinka. Da rana sai su nutse can ƙasa su ɓuya, da dare su taso kiwon ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, jikinsu na walƙiya da shuɗin haske.

Lokacin hunturu, gansakukar da ke manne a ƙarƙashin ƙanƙara suke kankara su ci. In yunwa ta yi tsanani, su tuɓe ɓawonsu, su ƙanƙance, su jira sauƙi. Kai kuwa tun kafin azahar ake yi maka fifita ranar farko ta azumi.

Shuɗin wel, dabbar da babu kamarta girma a duniya, da kiril take rayuwa, tana lanƙwame tan-tan a yini guda. Ranar da na ga ta buɗe baki, kai na tuna a bikin Damba na Yendi. Tsuntsayen fengwin ma da su suke ciyar da 'ya'yansu.

Abin da ke damuna ke nan, Ɗanlami. Hukumar CCAMLR da ke birnin Hobat, mai sa ido kan kamun kiril, ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin da muke aiki, kuma a 2025 jirage suka cike adadin tun watan Agusta, aka rufe kamu. Ƙanƙarar da 'ya'yan kiril ke fakewa a gindinta kuma sai ja da baya take yi. Mu muna kwasa ana tatsar mai, ana yi wa kifin gona abinci, wel da fengwin kuwa, bayin Allah, ba su da wata kasuwar da za su je.

Na ba wani ɗan Bawku da zai taho gida kwalbar man kiril. Ta Inna ce. Kada in ji ka zuba a shinkafa da wake.

Naka har kullum,
Sule