Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Taɓon Haƙa Rijiya

Jiratawa, jihar Maradi.

Zuwa ga Mai Girma Taɓon Haƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina aiki, ina gajiya, yaya duhun rami? Na san ba ka amsa sallama, ƙarar inji ta daɗe da toshe maka kunne. Duk da haka zan faɗa, ko don jama'a su shaida.

Ba na raina aikinka, ranka ya daɗe. Kai ake turawa ta bututu ka sanyaya bakin ƙarfen da ke cin dutse, ka kwaso ɓarɓashi zuwa sama, ka yaɓe bangon rami kada ya rufta, ka danne iskar gas kada ta yi tsartuwa. Da kai aka haƙa rijiyoyin Agadem da ke ciyar da matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, har ɗanyen man ya samu bututu zuwa Seme, a bakin tekun Benin. Madalla.

To, labari ya iso mana cewa ka tuba. Wai sabulun da ake zuba maka don kada yumɓu ya cushe haƙoran ƙarfe, yanzu da man kwakwa da sitaci ake yin sa, kuma yana ruɓewa a ƙasa. Barka da arziki. Amma Allah ya ba ka nasara, na farko, sabulun nan nawa ne a jikinka? Ɗan yayyafi ne kawai. Garin barit da ke ba ka nauyi ba ya ruɓewa, gishiri ma haka. Ranar da aka kwaɓa ka da gazuwal maimakon ruwa kuwa, ko kwakwar duniya aka matse maka ba ka fita.

Na biyu, daina yi mana burga da tsiro, a cikinsa muka tashi. Iyayenmu mata sun yi wanki da ɓawon aduwa tun kafin a san Omo, kuma yana kumfa sosai. Wannan kumfar ce, in ta yi yawa a tafki, ke sa kifi ya taso ciki sama, dodon koɗi ya mutu. Saboda haka in ka ce sabulunka na ruɓewa, faɗa mana cikin kwana nawa, da abin da yake kashewa kafin ya ruɓe. Kana ji na kuwa?

Na uku, kada ka ce Agadem da nisa, ina ruwan Jiratawa. Ƙanenka, taɓon haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, har cikin garakenmu yake shigowa. Gulbin Maradi da damina kaɗai yake gudu, kuma tun da aka datse shi a Jibiya ya ƙara rowa. Zogalenmu da albasa da tattasai ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha, wanda famfuna ke jawowa tun da aka shirya filin noman rani a farkon shekarun 1980, mu ma shi muke sha. Wasu masu haƙa sun zo kusa da garkata, suka tona rami, suka farke buhunan da ba wanda ya iya karanta rubutunsu, suka dama, suka gama, suka naɗe kaya. Kai suka bari. Samanka ya bushe ya tsattsage, ƙasanka na nan da ɗanyensa, akuyar maƙwabcina ta nutse har ƙirji, sai da igiya aka jawo ta. Da na yi magana, direbansu ya ce, “Ba komai, Baba, na ganye ne.”

Ba komai? Je ka Tibiri ka faɗi haka. Foraj ɗin da aka haƙa musu a shekarun 1980 ruwansa garai-garai ne, ba wari ba ɗaci, ashe sinadarin fulor ya yi masa yawa. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, an yi shekaru ana sha kafin a gane. Wannan daga dutsen ƙasa ya fito, ban ɗora maka ba. Amma tun daga nan mutumin ƙasar nan ba ya karɓar “ba komai” a kan ruwa sai da takardar awo.

Haƙurina ya kai maƙura, ga buƙatata. A rubuta abin da ke cikin buhunka da harshen da muke ji. A shimfiɗa leda mai kauri a raminka, in an gama a kwashe ka, a cike gurbin. A auna ruwa kafin ka shiga da bayan ka fita, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin koferatib ɗinmu na manoma.

In kana da amsa, aiko ta hannun mai gari. Don Allah kada ka zo da kanka.

Wassalam.

Naka cikin ladabi,
Wani manomin zogale.