Agwagin Kududdufi Sun Yi Yawa

A Wudil, saniya ma tana da ranarta. Ta shigo kara ranar Juma'a, a yi cinikinta, ta hau mota ta bar gari. Agwagwa kuwa ta zo ke nan.

Ka leƙa kududdufin unguwa da damina. Ramin da kakanni suka haƙa don ƙasar gini ya zama fadar agwagi. Uwa ta kwanta kan ƙwai kwana 35, ta fito da zugar 'ya'ya, ba suna ba goro. Kafin kaka, su ma 'ya'yan sun fara neman wurin kwanci. Kogi na nan a buɗe ƙarƙashin gada, amma sun ce su ba baƙi ba ne, a cikin gari za su zauna.

Da hantsi sukan yi jerin gwano su tsallaka titin Maiduguri. Direban tirelar da bai san birki ba tun daga Kano sai ya tsaya cak, yana salati. Wai ba a taka agwagwa.

Dattawa sun zauna, an kafa kwamitin ƙidaya. Ranar da agwagi suka cinye shanyar gero, aka bi gida gida ana cigiyar mai su. Kowa ya rantse ko kaza ba ya kiwo.

Sai kwamiti ya yanke hukunci: tunda marayu ne, a yanka su ranar Sallah a raba wa mabuƙata.

Kafin la'asar, kowace agwagwa ta samu iyayen gida uku, kowa da shaidunsa.