Zuciya Mai Cin Kitse

Ɗan ƙanwata da ke karatun likita a Zariya shi ya ja mini. Ya zo hutu Makarfi, muna shan rake a ƙofar gida, sai ya ce, "Kawu, ka san zuciya mai lafiya maiƙo take ci? Fiye da rabin ƙarfinta daga nan take samu. Sai jini ya yi mata ƙaranci take komawa kan sukari." Ya ci gaba da bayani, amma ni a maiƙo kunnena ya tsaya.

Nan take na yar da raken. Mu mutanen Makarfi da Kudan da muka tashi cikin rake da mazarƙwaila, ashe abincin majinyata muke ɗura wa zuciya! Daga ranar na ƙulla abota da mai balangu, har ya fara ɓoye mini tozo. Uwargida ta yi magana, na ce mata wannan kimiyya ce, ba huruminta ba ne.

Ba a jima ba ƙirjina ya fara ci kamar an zuba garwashi. Na kira yaron a rikice. Maimakon ya kwantar mini da hankali, sai ya ba ni labarin wani gwaji da ake yi a Japan tun 1993: ana liƙa sinadarin aidin-123 a jikin wani maiƙo mai suna BMIPP, a yi wa mutum allurarsa ta jijiya, kyamara ta bi hasken da yake fitarwa. Sashen zuciyar da ya ƙi karɓar maiƙon shi ne ya sha ƙarancin jini, ko da ciwon ya riga ya lafa.

Na sa ya rubuto mini sunan, na zuba babbar riga, sai asibiti. Likita ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, duk awa 13 rabin ƙarfin aidin ɗin nan ke tafiya. Kafin ya baro Tokyo, ya hau motar tumatir ta Ikara, me zai rage?"

Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗibi jini. Zuciya ƙalau. Ƙwannafi ne, sai kitse da ya yi yawa a jini. Ya nuna tumbina da biro ya ce, "Abincin zuciyarka na shekara yana ajiye a nan."

An hana ni tozo, an rage mini rake. Mai balangu kuwa har yau yana bi na bashi.