Taragon Gyaɗa a Hamburg

Hamburg, Jamus.

Zuwa ga taubashina, bawana,

Labari ya iso mini wai kana bin majalisa a Ƙaura kana cewa na zo Turai na koma wasan yara. To gyara zama ka ji, kai da ko motar kara ba ka taɓa haɗawa ta tsaya da ƙafarta ba.

A garin nan akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, inda ƙananan jiragen ƙasa ke ratsa duwatsu da birane ƙirar hannu. A can na haɗu da wasu dattawa da ke taruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna wannan aiki. Ma'auninsu H0, wato komai a rage shi sau 87. Kowa na ƙasarsu yake ƙerawa, ni kuwa na ce taragon gyaɗa zan yi, irin wanda Kaka ke ba mu labarinsa, na zamanin da dogo ya iso Ƙaura a 1929.

Gardama ta fara daga faɗin dogo. Nasu milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna, a kan tebur ya zama 16.5. Namu na da kuwa 1,067 ne, in an rage ya dawo 12 da 'yar ɗoriya. Wani ya ce in sa masa ƙafafun Jamus kawai, wa zai gane? Na ce ni zan gane. Sai wani tsoho ya ciro min dogo mai milimita 12, wanda yake ɗora jiragen tsaunin Harz a kai. Allah ya saka masa.

Sai kuma tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa. A ƙugiyar haɗa taragu akwai wani sifirin da bai kai ƙwayar gero ba. Tsohon ya ɗauko shi da hantsaki, ya riƙe numfashi, sai atishawa ta kubce wa na kusa da shi. Fit! Da ka ga dattawa masu furfura suna rarrafe da tocila, ɗaya ya kwantar da kunci a ƙasa ya rufe ido ɗaya. An tashi ba a gan shi ba. Washegari matar tsohon ta tsince shi a gemunsa.

Ana cikin haka kyanwarsa ta haye tebur ta ture kwalbar gam. Gam ɗin ba manne yake yi ba, narkar da roba yake yi ta haɗe, don haka rufin taragon da na goge sumul ya lotsa a tsakiya. Raina ya ɓaci sosai, har na tuna taragun da muke gani a tasha duk rana da lodi sun lotsa su. Na bar shi haka, na daka jan bulo na shafa masa ƙura, ya fito ɗan gida sak.

Babbar ɓarnar kuwa taka ce. Buhun gyaɗa a wannan ma'auni bai wuce santimita ɗaya ba, sai na ɗebi waken da ka aiko min, na shafa masa fenti, na jera. Ɗakin akwai ɗumi. Ranar da za a gwada taragon, yana shan kwana sai ga ƙwari suna leƙowa ta ƙofa! Tsohon ya cire tabarau ya ce bai san taragon kaya na ɗaukar fasinja ba. Wato ko tsarabar taka sai da ka zaɓo mai ƙwari. Bana ka manta da kuɗin shara. Yanzu da laka nake murza buhunan, ɗaya bayan ɗaya.

Amma ga hanyar fansa. Ka je tasha, ka nemi izinin ma'aikata, ka ɗauko min hoton tsohon tarago: gefe, baya, ƙafafu, da yadda ƙofar ke zamewa. Rubutun jikinsa nake so ya fito sosai, don nan ne na tsaya. Ka tsaya a jikinsa a hoto ɗaya. Gajartarka na san ta, da ita zan auna tsayinsa.

Ka gaida Inna, ka ce mata sanyi ya fara amma ina sa rigar da ta ce. A gaida yara.

Naka,
Ubangidanka