Ganin Wata a Tafin Hannu

Mu a layinmu, in ana neman jinjirin wata ƙasa ake kallo. Ranar 29 ga Sha'aban, ana idar da Magariba za ka gan mu jere a kan dakalin masallaci, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Wani ya ce a Saudiyya an gani a Sudair, wani ya ce a'a, Tumair ne, sai ka rantse garuruwan kakanninmu ne. Yamma tana bayanmu, ba wanda ya juya. Muna nan muna latse-latse har a ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, sannan a watse neman abin sahur.

Washegari ne muke tuna akwai sama. Da an fito salla sai a ɗaga kai, a ga watan ya ɗan yi kauri, nan take a yanke hukunci: "Wallahi wannan ya kwana biyu!" Wannan gardamar dai ba na'urar da ta iya kashe ta, kuma ina ganin ba za a ƙera ta ba.

Baba na ƙofar gidan liman shi ne ya fi kowa jin zafin abin. Ya ce mun sayar da sama mun sayi caji. Su a ƙauye, in ji shi, yaro bai isa a ba shi kiwo ba sai ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata, ya san fitowar Gamzaki alama ce asuba ta kusa. Malaman hisabi kuwa suna riƙe da taurari 28, kowace kwana 13 take yi, da su ake sanin shigar bazara, da lokacin da shuka ba ganganci ba ce. Har yakan kawo mana labarin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubuce-rubuce kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. "To, da wace waya ya yi?"

Sai ɗan makwabcinmu da ke jami'a ya ce, "Baba, Allah ya ja kwana, ai Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Duniyar Zuhura ce, wani lokaci ta fito da yamma, wani lokaci da asuba." Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce to shi ke nan, boko ya raba wata da matarsa. Mai shayi ya yi dariya har ya kusa zubar da madara.

Yaron bai daddara ba. Ya buɗe mana hotunan na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba a Disambar 2021, tana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan. Gaskiya hotunan sun yi kyau, har Baba sai da ya gyara tabarau. Amma da yaron ya ce hasken da take kamawa idon mutum ba ya ganinsa, launukan sanya su ake yi daga baya, kuma masanan da ke aiki da manyan na'urorin hamadar Atakama a Cile galibi ba sa leƙa komai da ido, lambobi ne ke iske su a kwamfuta, sai Baba ya mayar masa da wayarsa. "Ashe su ma 'yan layinmu ne."

Ni dai ban ga laifin na'urar ba. Fitila nake tuhuma. Tun da aka kafa mana fitilun sola a bakin titi, kowane shago kuma da kwansa mai kashe ido, taurarin da ake gani daga ƙofar gida sun koma 'yan ƙalilan. Ba kuma za mu ce a cire ba, mun san abin da duhu yake jawowa. Ga shi zaman tsakar gida da dare ya ragu, wanda a nan ne kaka take nuna wa jika sama da yatsa.

Husufi ma yanzu da goron gayyata yake zuwa. Da, sai dai a ga wata ya yi ja, yara su fito da gwangwanaye suna roƙon rana ta sake shi, manya su nufi masallaci. Yanzu tun saura mako an turo ranar da mintin. Duk da haka, wanda ya ga na 29 ga Maris 2006, da rana ta duhunta da hantsi daga arewa maso yammacin Najeriya har cikin Nijar, ya san sanin lokacin bai hana gwiwa sanyi ba. An sanar a rediyo, amma da kaji suka nufi akurki kowa sai da ya yi salati.

Baba ya ce shi da idonsa ya ga tauraruwa mai wutsiya a 1986. Yaron ya duba, ya ce Halley ce, za ta dawo a 2061. Baba ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To, ku da za ku kai, ku dai tabbata ranar akwai caji."